Amsoshin Tambayoyinku: Gishirin Epsom yana maganin kumburin kifin ado?

Tambaya: Ina da akwatin gilashi na kifin ado a falona, mai cin ruwa lita 60, da jajayen kifayen gwal guda huɗu da na saya wa yara. Kwana biyu ke nan cikin ɗaya daga cikinsu ya kumbura, ya daina nutsewa kamar sauran, sai yawo yake a saman ruwa a karkace. Wanda ya sayar mini da su ya ce in nemi gishirin Epsom a kemis in zuba babban cokali ɗaya a akwatin, wai zai zuƙe ruwan da ya taru a cikin kifin. Wani abokina kuma ya ce gishiri ai gishiri ne, in zuba na miya kawai in huta. Don Allah mene ne wannan gishirin, yaya yake aiki, kuma ba zai cutar da sauran kifayen ba? Daga wani mai karatunmu a Sakkwato.

Amsa: Malam, kafin komai, kada ka zuba ko ƙwaya ɗaya a babban akwatin tukuna. Maganar abokinka ba ta da wuyar warwarewa: gishirin miya daban, na Epsom daban, kuma ɗaya ba ya tsayawa a madadin ɗaya. Ta mai shagon ce take bukatar zama, domin akwai gaskiya a cikinta, akwai kuma kuskuren da ya bazu a tsakanin masu kiwon kifin ado har a ƙasashen da aka daɗe ana wannan kiwo.

Gishirin miya haɗin sinadarai biyu ne, sodiyam da kulorayid. Na Epsom kuwa magniziyam ne da salfet, tare da ruwa da ke maƙale a cikin ƙwayoyinsa, shi ya sa masana ke rubuta shi MgSO4·7H2O. In ka auna giram 100 na farin abin nan mai ƙyalli, kimanin giram 51 ruwa ne zalla, magniziyam bai cika giram 10 ba, sauran salfet ne. Ɗora ƙwaya ɗaya a harshe za ka ji ɗaci, ba ɗanɗanon gishiri ba, kuma ɗacin ne ma ya sa aka gano shi. Ana ba da labarin cewa wajen shekarar 1618, a garin Epsom da ke kudu da Landan, wani makiyayi mai suna Henry Wicker ya ga ruwa na tsattsafowa a makiyaya lokacin fari, ya kora shanunsa wurin, suka ƙi sha duk da ƙishirwar da ke damunsu. Da mutane suka gwada sai suka ga ruwan yana wanke ciki, garin ya koma wurin zuwa shan ruwan magani. A 1695 wani likita mai suna Nehemiah Grew ya wallafa bayani a kan gishirin da ya fitar daga wannan ruwa.

A jikin ɗan Adam ayyuka biyu aka san shi da su, kuma ka riƙe su, don duk abin da zai yi wa kifinka daga cikinsu yake fitowa. In an sha, hanji ba ya tsotse shi sosai, sai ya zauna a ciki ya jawo ruwa, bayan gida ya yi laushi ya fita. In kuma ya shiga jini, yana kwantar da saƙon da jijiya ke aika wa tsoka, domin yana gogayya da kalsiyam a wurin. Ana kuma yi wa mai ciki allurarsa a asibitocinmu idan jijjiga ta kama ta, ya kuma ceci mata masu yawa. Amma idan ya yi yawa a jini tsoka takan saki, numfashi ya yi rauni, abin da ya sa ma'aikatan ɗakin haihuwa ke ajiye allurar kalsiyam kusa don karya shi.

To mu koma cikin ruwa. Kifin ruwan daɗi, irin na kogi da tafki, jininsa ya fi ruwan da yake zaune a ciki gishiri nesa ba kusa ba. Ƙarfinsa ya yi kusa da a ce an narka giram 9 na gishirin miya a lita ɗaya. Ruwa kuwa ɗabi'arsa ce ya ratsa siririyar fata ya nufi ɓangaren da gishiri ya fi yawa. Duk uwargidan da ta taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa ta ga yadda ruwa ke fitowa. Sai dai ga kifi, ɓangaren da gishirin ya fi yawa shi ne cikin jikinsa, saboda haka dare da rana ruwa na kutsawa cikinsa, musamman ta jajayen gaɓoɓin numfashi da ke ƙarƙashin murfin kumatunsa. Ƙodarsa ce ke kwashe wannan ruwa tana fitarwa a fitsari mai yawa, tsararo. Don haka kusan ba ya shan ruwa. Buɗe baki da rufewar da kake gani yana yi numfashi ne, ruwan wucewa yake ta kumatu ya fita, ba ciki yake tafiya ba. Kifin teku ne ke kwankwaɗar ruwa, domin nasa lamarin akasin wannan ne, kuma ƙodarsa an halicce ta da iya zubar da magniziyam mai yawa. Kifin gwal ba shi da wannan ƙwarewa.

Yanzu sai mu gwada maganar zuƙe ruwa da lissafi. Kafin gishirin da ke cikin akwati ya jawo ruwa daga jikin kifi, tilas ruwan akwatin ya fi jinin kifin ƙarfi. Ma'aunin wanka da ya fi yawo a tsakanin masu kiwo shi ne babban cokali ɗaya, kimanin giram 15, a ruwa kusan lita 4. In aka ƙirga ƙwayoyin sinadarin da suka narke, ƙarfin wannan ruwa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin jinin kifin ba. Cokali ɗaya a lita 60 da aka ce ka zuba kuwa bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari ba. Kafin ruwan ya yi kunnen doki da jinin sai an narka fiye da giram 35 a kowace lita, wato sama da kilo biyu a akwatinka, kuma magniziyam zai gama da kifayen tun ba a je ko'ina ba. Ke nan a duk ma'aunin da kifi zai iya rayuwa a ciki, ruwa na ci gaba da shiga jikinsa ne, ba fita ba. Wannan ba ra'ayina ba ne, lissafi ne da duk ɗalibin kimiyya na babbar sakandare zai iya maimaitawa.

Abin ban dariyar shi ne, in rage wa ƙoda wahala ake nema, gishirin abokinka ya fi iya aikin. Ƙwayoyinsa ba su da nauyi kuma ba su ɗauke da ruwa, don haka giram 3 a lita ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin jini. Shi ya sa masu kiwon tarwada ke zuba shi idan za su yi jigilar kifi ko bayan sun tace su. Amma ko shi rage nauyi kawai yake yi. Ba ya gyara ƙodar da ta lalace.

Ina amfanin na Epsom ke nan? A cikin hanji. Nan ne gaskiyar mai shagon take. Kifin gwal ba shi da tumbi irin namu, abinci daga maƙogwaro hanji yake zarcewa, kuma ba ya sanin ya ƙoshi. Busasshen abincin kwalba da ke yawo a saman ruwa yana kumbura bayan an haɗiye shi, ga iskar da kifin ke haɗawa da shi garin cafka. A bayan hanjin akwai jakar iska wadda da ita yake daidaita tashi da nutsewa, kuma a jinsinsu akwai siririn bututu da ya haɗa jakar da hanyar abinci. In hanji ya cushe ko ya tara iska, sai ya danne jakar, kifin ya karkace ko ya kife. Nau'in masu dunƙulallen jiki da wutsiya biyu sun fi kowa fama da wannan, domin masu kiwo a Sin da Japan sun ɗauki ɗaruruwan shekaru suna zaɓen gajeren jiki, kayan cikin suka matsu. A irin wannan hali abin da ke sassauta hanji zai taimaka, amma sai ya isa hanjin tukuna, kuma mun ga kifin ba ya shan ruwa sai ɗan kaɗan. Masu kiwo da yawa na cewa sun yi wa kifi wanka da shi ya yi kashi ya warware, ban kuma ƙaryata su ba. Sai dai ka lura, galibi a ranar da aka fara wankan ne ake daina ba kifin abinci, ake kuma mayar da shi cikin ruwa mai tsafta. A ganina waɗannan biyun ne ke yin yawancin aikin, gishirin ya kwashe yabo.

Saboda haka kafin ka je kemis, ka fara duba kifin da kyau. Ɗebo shi da ruwan akwatin a farin kwano, ka tsaya a kansa ka dube shi daga sama, inda haske yake. Idan ɓawon jikinsa a kwance yake sumul, idanunsa daidai suke, yana ɗokin abinci duk da karkacewar, kuma ka lura abin ya fi tsananta bayan an ciyar da su, ko kashi ya ƙi fita, ko wani dogon zare yana biye da shi, to hanji ne, kuma da yardar Allah mai sauƙi ne. Idan mace ce mai ƙwai, cikin zai ɗan fi fitowa ta gefe ɗaya amma tana ninƙaya lafiya lau. Wannan ba ciwo ba ne. Idan kuwa ka ga kowane ɓawo ya ɗaga baki ya tsaya, gefen jikin ya yi ƙaya-ƙaya daga kai har wutsiya, idanu sun fito, gaɓoɓin numfashi sun koɗe, wajen dubura ya yi ja, ya kuma ƙi abinci, to ruwa ne ya taru a jiki saboda ƙoda ko hanta ta gaza. Sau da yawa ƙwayoyin cuta irin su Aeromonas, waɗanda dama suna nan a kowane ruwa, ne ke samun galaba a kan kifin da ƙazamin ruwa ya raunana. Ba zan ɓoye maka ba: kifin da ya kai wannan mataki da wuya ya tashi, kuma babu yawan gishirin Epsom da zai canza hakan.

Mu ɗauka na farkon ne, wanda bayaninka ya fi karkata gare shi tunda ba ka ambaci tashin ɓawo ba. Ware shi a roba mai tsafta wadda sabulu bai taɓa shiga ba, da ruwa lita 20, rabi daga akwatin rabi sabo, da bututun iska in akwai. Ka hana shi abinci kwana biyu zuwa uku. Kada yara su ji tausayinsa su jefa masa burodi. Kifin gwal mai ƙoshin jiki yana yin mako guda ba ci ba tare da wata illa ba. Bayan nan ka dafa fis, koren waken nan da ake zubawa a shinkafa, ba gishiri ba magi, ka ɓare ɓawon ƙwaya ɗaya, ka murƙushe ta da yatsa ka ba shi. Nutsewa take yi, kuma ɗusar da ke cikinta na tura abin da ya tsaya. Kifaye da dama a nan suke warwarewa.

In bai warware ba, sai a zo ga gishirin, kuma hanya mafi dacewa ita ce ta baki. Narka giram 3, wato ɗan fiye da rabin ƙaramin cokalin shayi, a ruwa mililita 100. Ɗiga kaɗan a kan ƙwayoyin abinci uku ko huɗu, daidai yadda za su tsotse su yi laushi, ka ba shi sau ɗaya a rana na 'yan kwanaki. Masu kiwon kifayen manyan tafkunan gabashin Afirka sun daɗe suna haka idan ciwon hanji ya kama kifayensu. In ya ƙi ci, kana iya sa ɗan kaɗan a ruwan robar. Ma'aunin da aka saba shi ne kashi ɗaya cikin takwas na ƙaramin cokali a lita 19 zuwa 20, kuma tunda ba a iya auna wannan da ido, ga dabara: narka ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita na ruwa, ka ɗebi babban cokali huɗu daga ciki ka zuba a lita 20 ɗin.

Wanka mai ƙarfi, na babban cokali a lita 4, shi ne na ƙarshe, kuma ba a yin sa ana kallon talabijin. Ruwan akwatin za ka ɗiba, don kada zafi ya bambanta. Ka motsa har ƙwaya ta ƙarshe ta narke kafin kifin ya shiga. Ka ajiye wani kwano na ruwan da ba gishiri a gefe, ka duba agogo, minti 15 ya isa. Idonka a kan murfin kumatunsa: in ya fara bugawa da sauri fiye da kima, ko ya yi sanyi kamar zai tsaya, ko kifin ya kwanta ya saki jiki, ko ya fara zabura yana neman tsalle, ɗauke shi nan take, ko da minti biyu ya yi. Sakin jikin nan shi ne aikin magniziyam na biyu da muka ambata, kuma masu nazarin halittun teku da gangan suke amfani da shi wajen sumar da dodon koɗi da dangoginsa kafin su yi musu aiki. Ƙaramin kifi ko wanda ya galabaita, fara masa da rabin ma'aunin. Sau ɗaya a rana, kada ya wuce kwana uku.

Dalilin da ya sa na hana ka zubawa a babban akwati yana da sassa, kuma na farko shi ne kifaye uku lafiyarsu ƙalau, ba a yi wa mai lafiya wankin ciki don ɗan'uwansa ba shi da lafiya. Na biyu, abin da ka zuba ba ya fita. Ba ya tashi da tururi, gawayin cikin matatar ruwan akwati ba ya kama shi. A Sakkwato, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, ga kuma busasshiyar iskar hunturu, ruwan akwati na raguwa a kan idonka, gishirin kuma yana nan yana ƙara kauri. Mutane da yawa in sun cike gurbin ruwan da ya tashi sai su ƙara wani cokali, suna zaton na farkon ya ƙare. Canjin ruwa ne kaɗai ke fitar da shi, kuma in ka kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan, kashi ɗaya cikin uku na gishirin kawai ka kwashe.

Na uku shi ne nauyin ruwa, wato yawan kalsiyam da magniziyam da ke narke a ciki, abin da ke hana sabulu kumfa yana kuma barin farin ɓawo a gindin butar shayi. A kayan gwajin ruwa da ake sayarwa GH ake rubuta masa, ana ƙirga shi da digiri. Miligiram 44 na gishirin Epsom a lita yana ƙara digiri ɗaya. Babban cokali a lita 60 zai ƙara kusan digiri shida a lokaci guda. In an maimaita sau uku ba a canza ruwa ba, an ƙara 17. Kuma ba daga sifili za ka fara ba. Ƙasar Sakkwato tana da farar ƙasa mai yawa, ita ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti, kuma rijiyar burtsatsen da ta ratsa irin wannan dutse ruwanta dama mai nauyi ne. Kifin gwal, da gofi da moli, suna jure ruwa mai nauyi, amma ba kifin da ke son a sauya masa ruwa farat ɗaya. Ƙananan kifayen nan masu shuɗin layi da ake kira niyon, da diskos mai faɗin jiki, asalinsu kogunan yankin Amazon ne masu ruwa marar nauyi, kuma su ne ke fara jigata. Abin da gishirin ba ya taɓawa shi ne tsami ko kaifin ruwa, wato pH, da kuma KH, ma'aunin kabonet ɗin ruwa, don babu kabonet a cikinsa. Wanda ya ce maka zai daidaita pH bai san shi ba.

Akwai haɗari ta ɗaya gefen ma, ga mai cika akwati da ruwan sama ko ruwan leda da injin tacewa ya kwashe wa ma'adinai. Kalsiyam ne ke kare kifi daga illar magniziyam, kamar yadda yake a ɗakin haihuwa. A arewacin Ostareliya, lokacin da mahaƙar yuraniyom ta Ranger ke aiki, ruwan da ke fita daga cikinta ya kasance yana ɗauke da wannan gishiri, yana kuma gangarawa zuwa rafin Magela mai ruwa marar ma'adinai. Binciken da masana kimiyyar gwamnati suka wallafa a 2010 ya nuna magniziyam ne ke cutar da halittun rafin, ba salfet ba, ɗan kaɗan ma ya isa ya yi illa a irin wannan ruwa, kuma ƙara kalsiyam yana rage illar sosai. Ke nan cokalin da bai yi komai ba a akwatin maƙwabcinka mai ruwan burtsatse yana iya yin ɓarna a na mai ruwan sama. Wannan ya sa ba na yarda da ma'auni ɗaya da ake cewa ya dace da kowa. Mai dodon koɗi ko jatan lande a akwatinsa kuwa ya yi nesa da shi gaba ɗaya.

Ba wai gishirin Epsom ba shi da gurbi a babban akwati ko kaɗan ba. Ruwan tafkin Tanganyika magniziyam ɗinsa ya fi kalsiyam yawa, abin da ba kasafai ake samu a ruwan daɗi ba, don haka masu kiwon kifayen can suna haɗa gishirin Epsom da bakar soda su kwaikwayi ruwan. Masu dasa tsirrai a akwati ma suna ɗiga kaɗan idan tsofaffin ganyaye suka fara yin rawaya tsakanin jijiyoyinsu, domin magniziyam ne a tsakiyar sinadarin da ke sa ganye kore. Masu akwatin ruwan teku na buƙatar kimanin miligiram 1,300 na magniziyam a lita. Duk waɗannan gyaran ruwa suke yi, da ma'auni da kayan gwaji a hannu. Ba magani suke bayarwa ba.

Abubuwa biyu kuma da ba a cika faɗa ba. In likitan dabbobi ya rubuta maka maganin ƙwayoyin cuta irin oksitetirasaikilin, wanda masu kiwon kifi a ƙasar nan suka sani sosai, kada ka haɗa shi da gishirin Epsom a ruwa ɗaya. Magniziyam da kalsiyam suna kama wannan magani su ɗaure shi, ƙarfinsa ya ragu. Sannan in matsalar akwatin gubar naitirayit ce, wadda ke taruwa a sabon akwati ko bayan ɗaukewar wuta ta daɗe har ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin matata suka mutu, za ka ga kifaye na haki a saman ruwa, gaɓoɓin numfashinsu sun koma ruwan ƙasa. Kulorayid ne ke tare wa wannan guba hanyar shiga jini, kuma babu shi a gishirin Epsom. A nan gishirin miya ake so, giram ɗaya a lita ya wadatar, tare da canjin ruwa.

In za ka saya, karanta takardar. Ka nemi wanda ba a rubuta komai a jerin abin da ke ciki ba sai magniziyam salfet, mai alamar BP ko USP ta ingancin magani. Na wanka da ake sayarwa a manyan kantuna sau da yawa an zuba masa turare da launi, kuma man ƙamshin yana lalata gaɓoɓin numfashin kifi. Andrews Liver Salts da muka saba sha yana da gishirin Epsom a ciki, amma tare da sukari da bakar soda da sinadarin tsamin lemo. Sukarin zai ciyar da ƙwayoyin cuta su cinye iskar ruwan. Na taki da ake kira kisarayit ruwan cikinsa kaɗan ne, magniziyam ɗinsa ya doshi ninki biyu, don haka ma'aunin da na ba ka bai shafe shi ba. Alif da kanwa kuwa, duk da kamar da suke yi da shi a ido, kada su kusanci akwatin. Kanwa tana ɗaga pH, kuma da pH ya tashi amoniyar da kifaye ke fitarwa cikin ruwa take komawa guba mai kisa.

Amoniyar nan ce nake zargi a akwatinka, Malam, fiye da komai. Kifin gwal huɗu a lita 60 sun yi yawa. Suna girma su wuce tafin hannu, suna ci da yawa, suna kashi da yawa. Ga zafi, wanda ke rage iskar da ruwa ke riƙewa daga kimanin miligiram 9 a lita a digiri 20 zuwa bakwai da rabi a digiri 30. Ka riƙa canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan duk mako, kana tsotso dattin da ke ƙarƙashin tsakuwa. In na famfo ne, bar shi ya kwana a buɗe ko ka ɗiga maganin kashe kulorin. Soson matata a ruwan da ka kwashe daga akwatin ake ɗauraye shi, ba a bakin famfo ba. Abinci kuma abin da za su cinye cikin minti biyu, a jiƙa shi kafin a zuba, kuma mutum ɗaya a gidan ya ɗauki nauyin bayarwa, don in kowane yaro ya wuce ya barbaɗa, sau shida za su ci a yini. In da hali ka nemi babban akwati, ko ka ba da biyu kyauta.

Idan ɓawon ya riga ya tashi, ware kifin tun yau don kada sauran su ci gawarsa in ya mutu, ka kuma kai shi ko hotonsa wurin likitan dabbobi. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da asibitin koyarwa na dabbobi a garinku. Kada ka fasa kafsol na mutane ka zuba a akwati da ka. Wasu cututtukan da ke kumbura kifi, musamman dangin ƙwayar tarin fuka da ke zama a ruwa, suna iya shiga fatar mutum ta yanka ko ƙurji su yi gyambo mai wuyar warkewa, don haka mai rauni a hannu kada ya tsoma shi, kowa kuma ya wanke hannu da sabulu bayan ya taɓa ruwan. Ragowar gishirin ka ɗaga shi inda yara ba sa kaiwa, kuma mai ciwon ƙoda kada ya sha shi da sunan wankin ciki sai da izinin likita.

Ga sauran masu karatu da ke aiko da tambaya a kan kifi, don Allah ku riƙa faɗin litar akwatin, da yawan kifayen da irinsu, da inda kuke ɗebo ruwa, da ranar da kuka canza shi na ƙarshe. Allah Ya ba kifin yara lafiya.